Jan Layi a Wuyan Gauraka

Makon jiya na sa a yi wa ƙofar magazata, inda nake ajiye kaya, sabon fenti. Mai aikin ya tambaye ni kalar da nake so, ni kuwa ina tsakiyar awon aya, sai na ce masa ya shafa duk wadda ta fi arha. Da na juyo na tarar ya buɗe gwangwanin ja, ya tsiyaya kananzir a ciki yana motsawa da kara. Warin nan ya bugi hancina. Na saki tiya a cikin buhu, na fita waje na zauna bisa benci kamar wadda aka aiko wa da rasuwa. Masu dako suka ɗauka hawan jini ne, har wani ya ruga neman ruwan sanyi.

Ni ba mai yawan waiwaye ba ce. Na daɗe ina saye da sayarwa a Gidan Rumji, aya da wake da riɗi, da gyaɗa in shekara ta yi kyau. Da faranti a kai na fara, yau kamyo, babbar motar kaya, nake lodawa. An cuce ni, ni ma ba zan rantse cewa hannuna bai taɓa yin nauyi a bakin tiya ba. Duk wannan ba ya hana ni sukuni. Ciniki ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma shi ne na farko da na taɓa ƙullawa da bakina, ina ƴar shekara goma sha ɗaya. Shi zan ba ku labari, ba ragi ba ƙari.

A wani ƙauye na ƙasar Cadakori aka haife ni, cikin babban gida. Kakanmu shi ne na'ibin liman. Babana da wansa manoma ne, ba ruwansu da komai sai gero da wake. Ƙanensu, autan Kaka, shi ne ya fita daban. Baba ƙarami muke ce masa. Ni kuma Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ta rasu tun ba a haife ni ba.

Tun yana saurayi ya bi mota. Ya yi karen mota na ɗan lokaci, daga nan ya maƙale a wani gareji a Maraɗi, wajen wani tsoho mai rubuta addu'o'i da karin magana a jikin manyan motocin katako. Rubutun bai dame shi ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne filin da ke saura a allon baya, inda ba a rubuta komai. A nan ya fara zana tsuntsaye. Kafin in yi wayo sunansa ya zaga tashoshi. Duk ranar kasuwar Gidan Rumji yakan ɗaura gwangwanayensa a bayan keke, ya ɗora ni a gaba da farantin soyayyar ayata, mu tafi. Shi ya hau kan duro yana fenti, ni in zaga tasha ina talla.

Ba motoci kaɗai ba. Teburin mai shayin tasha akwai cilakowa a jikinsa, ta karkata kai kamar tana sauraren gulmar masu shan shayi. Malamin lakol ya sa ya zana masa bushiya da zomo da damo a bangon aji. Har Gangara an taɓa ɗaukarsa a mota, ya je ya zana wa wani mai injin niƙa garken zabin daji, aka ce kajin gidan sun yi kwanaki suna tsayawa a gaban bangon.

Amma yana da doka ɗaya wadda ta sha jawo masa asarar aiki. Ba ya zana abin da bai gani da ransa ba. Na ji da kunnena wani direba yana ce masa:

"Zaki nake so. Ya buɗe baki, na bayana ya ji tsoro."

"Ban taɓa ganin zaki ba."

"To wa ya taɓa gani? Ai duk motocin da ke zuwa daga kudu da zaki a bayansu."

"Na gan su. Karnuka ne aka sa wa gemu. In kare kake so, kawo na gidanku in duba shi."

Tasha ta kwashe da dariya. Direban ya yi zuciya ya tafi, mako biyu ya dawo, aka zana masa shaho.

Yadda yake aikin kuwa, sai wanda ya gani. Yakan yini a daji da gawayi da takardar buhun siminti, yana zaune kamar kututture har tsuntsu ya manta da shi. Buroshinsa da kansa yake haɗawa, gashin wutsiyar akuya ne yake ɗaurewa a kara da zare. Yakan ce fiffike kowa ya iya, ƙaryar mai zane a ƙafa take fitowa. Balbela ba ta taka ƙasa yadda zalɓe yake takawa, kuma wanda bai zauna ya kalla ba, ba zai taɓa sani ba.

Aikin da ya fi ji da shi ba a tasha yake ba, a shagonsa yake, wani ɗakin ƙasa kusa da rumbunan gidanmu. Bango ɗaya ya shafe da siminti, ya bi shi da farar ƙasa, ya zuba masa duk wani mai rai da ya taɓa gani a dajin garinmu tun yana yaro. Raƙumin dawa yana can gefe, kansa ya kusa taɓa azara. Ga jimina, ga barewa ta ɗaga ƙafa ɗaya, ga kura da ƙugunta a ƙasa. Tuje, burtu, dila, gada, ungulu a kan reshe, shamuwa a kan tsamiya. A tsakiya kuma, inda hasken ƙofa yake faɗawa da hantsi, gauraka biyu suna rawa.

Innata ta ba ni labarin ranar da Kaka ya fara leƙa ɗakin. Ta ce ya ja da baya yana salati. Ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da siffar mai rai, don haka ko dai a shafe bangon, ko a bi abin da wasu malamai suka sauƙaƙa, a ja wa kowace dabba layi a wuya, ta zama yankakkiya, ba rai a tare da ita. Baba ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce, "Zan yanka su, Baba. Amma ba rana ɗaya ba."

Kuma ya cika alkawari. Sanda na yi wayo, raƙumin dawa da jimina da kura duk suna da jan layi siriri a wuyansu. Na barewa a kan idona aka ja shi, wata shekara bayan girbi. Na tuna ya daɗe yana wanke buroshin a kananzir, abin da bai ci fenti da yawa ba, kuma ranar tuwonsa ya kwana a kwano. Kaka ya leƙa ya gani ya ce, "Alhamdu lillahi. Sannu ba ta hana zuwa." Duk gidan mun ɗauka tuba ce yake yi a hankali, dabba bayan dabba.

Akwai wani tsohon Bafulatani da ke shayar da shanunsa a rijiyar garinmu. Duk kaka sai ya zo ya shiga shagon, ya tsaya a gaban bangon yana nuni da sandarsa. Wannan ya gan shi a fadama. Wannan ya ga sawunsa. Wannan bana bai gani ba. Ni dai na ɗauke shi hirar manya, ban taɓa haɗa ta da jan layin ba.

Daminar shekarar da nake ba ku labari ta yi albarka. Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar masallaci tun da wuri, har rassan suka yi baƙi da sheƙa. Ruwan farko ya zo da ƙamshin ƙasar nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ci. Gero ya rufe hanya, kwaɗi suka hana kunne hutawa. A bayan gonakinmu, tafiyar da ta ɗan yi nisa, akwai wani tafki da noma bai ci ba, don ruwa yana kwanciya a wurin. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ga matsattsaku, don haka ba mai son shiga. Can gauraka biyu suke zuwa duk damina. Kowa a garin yana jin kukansu da safe, amma inda suke sheƙa ba wanda ya sani sai Baba ƙarami.

Shekarar nan ya ƙudurta zai zauna musu har su ƙyanƙyashe. Ya yi ƴar bukkar ciyawa a wani tudu cikin ruwan, yana yini a ciki. Innata ta ga mutum zai rame, sai ta ce in riƙa kai masa fura. Shi ya nuna mini hanya: a bi gefen gonar wake har wani marke da tsawa ta ƙone rabinsa, a juya hagu, a shiga ruwa daidai inda kaba ta yi layi, don nan ne ƙasa take da tauri. Ranar farko ya riƙe kafaɗata ya ce, "Uwata, abin da ido ya gani a nan, baki bai gani ba." Na ce to.

Ban taɓa ganin abu mai kyan gaurakan nan ba, kuma na je Makka na dawo. Tsayinsu ya kusa nawa. Jiki baƙi, fiffike fari kamar an wanke da bula, goshi kamar karammiski, kunci fari da ja. A kansu ga wani tukku kamar an tsaga zinariya an yi tsintsiya da ita. Namijin yakan ɗauki tsinke ya jefa sama, ya buɗe fiffike ya daka tsalle, ya rusuna wa macen, ita ma ta rama. Na toshe bakina da hannu don kada dariya ta kuɓuce. Bayan makonni sai ga ƴan tsaki biyu, jajaye-jajaye, suna bin uwar cikin ciyawa da manyan ƙafafunsu.

A lokacin ne wani mai mota ya kawo sabon kamyo, ya ce a zana masa abin da ba a taɓa zana wa kowa ba. Baba ƙarami ya zuba masa rawar nan a allon baya. Ranar da ya gama, tasha ta tsaya. Masu dako suka ajiye kaya, mata masu fura suka matso. Har ƙafar da namijin yake lanƙwasawa in zai tashi tana nan.

Cikin masu kallon akwai wani baƙo daga ƙetaren iyaka, da farar shadda da turare mai ƙarfi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya tambayi Baba ƙarami inda ya ga irin waɗannan.

"A kaina na gan su," in ji Baba ƙarami, bai ko juyo ba.

Wani ɗan kamasho ya bushe da dariya. "Kada ya ruɗe ka, Alhaji. Wannan ko sauro ba ya zanawa sai ya cije shi. Tambayi ƴar can mai aya, ita ke kai masa fura."

Kun ga, gaskiyar da ya yi suna da ita, ita ta fara tona shi. Ni na ƙarasa.

Baƙon ya same ni a bayan rumfar masu nama. Ya ce zai saye farantin duka. Na ce aya ta sayarwa ce, bismilla. Ya ce hanyar tafkin fa? Na ce hanyar ba a faranti take ba. Ya yi dariya har ya dafa gwiwa, ya ce wannan yarinya za a yi ƴar kasuwa. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗankwali mai zaren zinariya, irin wanda ko amaren garinmu ba su da shi. Na kalle shi, na kau da kai, kamar yadda na ga dillalan shanu suna yi. Sai da ya ɗora ƴan kunne a kai, sannan na buɗe baki. Gonar wake, marke mai rabin ƙuna, hagu, layin kaba. Ban rage masa komai ba.

Ya ce kallo kawai yake so ya yi. Ba zan ce muku na yarda da shi ba, ba zan kuma ce ban yarda ba. Ban tambaya ba ne. Yau da na tsufa a kasuwa na san cewa dillalin da bai tambayi inda kaya za su ba, ba mantawa ya yi ba, ba ya so ya sani ne. Abin da ke raina ranar shi ne na ci riba. Na ɓoye ɗankwalin a cikin wata tsohuwar tukunya a bayan ɗakin innata, ina ta jin kaina.

Kwana huɗu bayan haka Baba ƙarami ya dawo daga tafki tun hantsi bai yi ba, a jiƙe har ƙirji. A hannunsa akwai wata igiyar roba mai zarge, da gashin fiffike fari guda biyu. Ya shiga shago ya rufe ƙofa. Na ce wa kaina wataƙila ba abin da nake zato ba ne.

Ranar kasuwa muka tafi kamar kullum. Ina shiga tasha na ga kamyon nan an gama masa lodi. A can sama, kan buhuna, an cusa wani abu a cikin buhu, kai kaɗai ya fito. Sai da na matsa na gane ta. Macen ce. An ɗaure mata baki da robar tayar keke. Tukkun nan na zinariya ya kakkarye, laka ta bushe a kansa. Fiffike ɗaya ya leƙo ta ɓarakar buhun, an datse shi daga gaɓa, jini ya daskare, ƙudaje sun rufe wurin. Idonta a buɗe, ba ya ƙiftawa. Kusa da ita ga kwali mai huji-huji. Karen motar ya sa hannu ciki ya zaro ɗan tsako ɗaya ta ƙafa, ya girgiza shi, ya ce wannan ya mutu, ya wurgo shi ƙasa. A gaban ƙafata ya faɗi.

A ƙarƙashinta kuwa, a allon baya, ga ta nan ita da mijinta suna rawa, fentin ko ƙura bai yi ba.

Ina nan tsaye sai na ji ƙamshin turaren nan.

"A'a, ga dillaliyata! Ina ɗankwalin, ba ki ɗaura ba? Ko sai salla?"

Baba ƙarami yana kan duro, taku biyu daga inda nake, yana yi wa wata mota aiki. Ya juyo. Ya kalli baƙon, ya kalle ni. Har yau ban san tsawon lokacin da kallon nan ya ɗauka ba. Ya sauko a hankali, ya tambayi mutumin me ya sa aka yanke mata fiffike.

"Don kada ta tashi mana. Gidan wani babban mutum za ta, tsakar gida har da famfo. Wallahi sai ta fi ka jin daɗi."

Baba ƙarami ya ce ga kekensa, ga gwangwanayen fentinsa, a ba shi ita. Mutumin ya ce, "Malam, in na ba ka, tsuntsuwa mai fiffike ɗaya me za ta yi maka a daji?" Gaskiya ya faɗa. Motar ta tashi, muna kallon rawar nan tana ƙanƙancewa a kan kwalta har ta ɓace.

Ya duƙa ya ɗauki mataccen tsakon, ya naɗe shi a takardar siminti ya sa a aljihu. Na jira mari. Na jira ya kai ni gaban babana a yi mini dukan da ban taɓa sha ba, kuma da an yi da na samu sauƙi. Da yamma ya ɗora ni a keke kamar kullum. Duk hanyar magana ɗaya ya yi: "Riƙe da kyau, Uwata, akwai yashi." Bai faɗa wa innata ba, bai faɗa wa kowa ba.

Namijin ya yi kwana da kwanaki yana zagaya garin, safe da yamma, yana wani kuka mai kama da busar ƙaho. Kaka ya ce wannan tsuntsu ya ishi mutane. Ni kuwa in ya fara sai in shiga rumbu in toshe kunne. Wata safiya ba a ji shi ba, shi ke nan.

Daga ranar Baba ƙarami bai sake zana tsuntsun daji a jikin mota ba. Tantabara, zakara, doki, raƙumi, abin da ke ɗaure a gidan kowa. Direbobi suka ce hannunsa ya mutu, suka fara kai aikinsu Maraɗi. Mutumin da ake ɗauka a mota zuwa Gangara ya koma rubuta sunayen shaguna. Ni na san dalili, shi ya san na sani, kuma kullum Uwata yake ce mini.

Damina ta zagayo, ya tafi tafki ya yini, ya dawo. Wata ta sake zagayowa, haka. Ni ma duk safiyar damina kunnena yana can. Ina ce wa kaina sama da faɗi take, wasu za su zo. Damina ta uku ta wuce, aka yi girbi, tsohon Bafulatanin ya zo ya tsaya a gaban bango. Da sandarsa ta kai kan gauraka sai ya girgiza kai kawai.

Washegari da hantsi Baba ƙarami ya kira ni shago. Gwangwanin ja yana buɗe a ƙasa, ɗakin ya cika da warin fenti da kananzir.

"Kin san me layin nan yake nufi?"

Na ce Kaka ya ce saboda mala'iku ne.

"Baba yana da dalilinsa, kuma ban raina shi ba. Nawa daban ne. Duk wanda kika ga na ja wa layi, damina uku ke nan ba ni, ba Bafulatanin nan, ba wanda ya gan shi a dajinmu. Wani fari ya yanka shi, wani maharba, wani gatari. Ni shaida kawai nake."

Na ɗaga kai na kalli bangon kamar ban taɓa ganinsa ba. Raƙumin dawa, jimina, kura, barewa. A gaban bangon nan na yi rarrafe, a gabansa na koyi sunayen dabbobi. Ashe maƙabarta ce nake wasa a cikinta, ina ce mata ado.

Ya miƙo mini buroshin.

"Wannan ba fari ba ne. Ke kika ƙulla cinikin, ke za ki ƙarasa shi."

Na fashe da kuka. Na roƙe shi ya ƙara shekara ɗaya, wataƙila baɗi su zo.

"Tun ranar tasha na san ba za su zo ba, Uwata. Damina ukun nan don ke na jira."

Na karɓa. Layukansa sirara ne, miƙaƙƙu, kamar zare. Nawa ya karkace. Na cika buroshin da yawa, fentin ya gangaro daga wuyan macen har ƙirjinta. Na juyo ina zaton na gama, ya nuna mini namijin da haɓa. Na ja na biyu. Daidai nan Kaka ya zo wucewa da butarsa, ya leƙo, fuskarsa ta washe.

"Madalla! Har amaryata ta shiga aikin lada."

Ɗankwalin kuwa ban taɓa ɗaura shi ba. Gara ta cinye shi a cikin tukunyar.

Na yi aure, na shiga kasuwa, Allah ya buɗa. Abokan ciniki suna ce mini mai tsada, suna ce mini mai taurin kai, amma ba wanda zai ce na taɓa sayar masa da hanyar wani. Baba ƙarami ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Bafulatanin ya rasu, ƴaƴansa suka yi kudu da shanun. Sai na zama ni ce idonsa, tunda ni ke yawon kasuwanni daga Cadakori har Gangara. Duk kaka nakan je in zauna a shagon, yana kiran suna ina ba da amsa. Tuje ya tafi. Burtu ya tafi. Gada, dila, duk na ja musu layi, don hannunsa ya fara rawa. Waɗannan ba su ba ni mamaki ba, na ga yadda gona ta cinye daji har bakin kwalta.

Wata shekara sai ya ce, "Ungulu fa?"

"Haba Baba, ungulu kuma? Ai tana nan cike da mahauta."

"Yaushe rabonki da ita?"

Na yi ta lissafi, na kasa tunawa. A makon na je mahautar Gidan Rumji na tsaya tun safe har aka wanke wuƙaƙe. Hankaki ne kawai da baƙaƙen ledoji suna tashi. Wani tsohon mahauci ya ce mini, "Hajiya, yanzu kika farga? Ai masu neman kanta don magani sun gama da ita tuntuni." Tsuntsuwar da muke jifa muna yara, wadda ake zagin mutum da ita, ta ƙare a kan idona ina wucewa kullum ban lura ba. Na koma ƙauye na ja layin.

Baba ƙarami ya rasu, Allah ya jiƙansa. Gadon da ya bar mini shi ne gwangwanin ja da buroshi ɗaya. Na sa an yi wa shagon rufin kwano don kada ruwa ya ci bangon. Tafkin nan yanzu bulo ake bugawa a cikinsa. Motocin katako sun ƙare, na yanzu hoton roba ake manna musu, zaki ya buɗe baki, kuma ba mai tambaya ko wani ya taɓa ganinsa. Bara na kai jikata ƴar lakol ta ga bangon. Ta tsaya a gaban gauraka ta ce, "Hajiya, wannan mai hular a wace ƙasa yake?" Na ce nan bayan gonakinmu. Ta yi dariya, ta ɗauka tsokanar kaka ce. Sannan ta ce wanda ya ja wannan layin bai iya ba, ya ɓata hoton. Na ce haka ne.

Waɗanda suka rage ba layi ba su da yawa. Zomo, bushiya, balbela, cilakowa, da shamuwa a kan tsamiyarta. Ita ce nake wa tsoro. Tsamiyar da take yin baƙi da sheƙa, bara ƴan kaɗan na gani a kanta. Bana zafi ya yi zafi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba labarinta. Shi ya sa da na shaƙi warin jan fentin nan na fita na nemi benci. Da na dawo cikin hayyacina na ce wa mai aikin ya rufe gwangwaninsa, ya je ya samo shuɗi, ko ya fi tsada.

Tun ranar, duk safiya sai na buga wa ƙanena waya a ƙauye. Jiya ya riga ni kira. Ya ce guda biyu sun sauka a kan tsamiyar masallaci, har sun fara ɗaukar tsinke. Na ce kada ya faɗa wa kowa.

Ya yi dariya. "Yaya, a tsakiyar gari fa suke. Wa zai ɓoye shamuwa?"

Na ce duk da haka.